Gubar Dalma a Jikin Dabbobi da Taimakon da Yis Ke Yi

Jama'a, duk wanda ya san ƙasar nan tamu, tun daga Argungu har Birnin Kebbi, ya san arzikinmu yana cikin abu uku: noma da su da kiwo. Fadamar Gulbin Rima tana ba mu shinkafa, gulbin yana ba mu kifi, dabbobi kuwa su ne asusun talaka. In biki ya zo a sayar da akuya, in ciwo ya zo a sayar da rago, in damina ta faɗi a ɗaura wa shanu garma. Saboda haka duk abin da zai taɓa dabbobinmu ya taɓa mu.

A wannan karatu za mu yi magana a kan wata guba da ke kashe dabbobi a ɓoye, watau gubar dalma. Za mu ga inda take, da yadda take shiga jiki, da yadda za a gane ta. Sa'an nan mu duba wani abu da masu bincike suka gano game da yis, wannan da ake sa wa burodi da waina, mu ga iyakar taimakon da zai iya yi.

Mece ce dalma?

Dalma wani irin ƙarfe ne mai nauyi, mai taushi, launinsa toka-toka. Ba ta da wuyar narkewa, gawayi ma ya isa ya narkar da ita. Don haka ne mutane suka daɗe suna aiki da ita. Masunta suna ɗaura ta a bakin birgi don ya nitse da sauri. Masu liƙin kwano suna liƙi da ita. Ana yin harsashi da ita. Cikin batirin mota da na babur da na sola, faifan nan masu nauyi da ke jere duk dalma ce. Tsohon fenti mai maiƙo, musamman ja da rawaya, sau da yawa akwai ta a ciki. Dutsen tozali mai walƙiya shi ma dutsen dalma ne. A wasu wurare kuma tana cikin dutsen da ake haƙowa don neman zinariya.

To, ga abin lura. Jikin mutum da na dabba suna bukatar ƙarfe iri-iri kaɗan-kaɗan, kamar wanda ke ƙara jini da wanda ke gina ƙashi. Amma dalma ba ta da wani amfani a jiki ko kaɗan. Kome ƙanƙantarta ɓarna take yi. Kuma ba ta ruɓewa. Wuta ba ta kashe ta, tafasa ruwa ba ya kashe ta, rana ba ta kashe ta. In ta zuba a ƙasa tana nan shekara da shekaru, sai fa in an kwashe ƙasar.

Abin da ya faru a Zamfara

A shekarar 2010 wani babban bala'i ya auka wa maƙwabtanmu na Jihar Zamfara, a ƙasar Anka da ta Bukkuyum. Mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega suna haƙar zinariya. Sukan kawo dutsen gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi iska, ta sauka a ɗaki da tsakar gida da bakin rijiya da kududdufi.

Kafin a lura da ciwon yara, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa. Ba wanda ya kula, gama mutuwar agwagwa ba abin kai ƙara ba ne. Ba a daɗe ba sai yara ƙanana suka shiga amai da jijjiga, suna mutuwa. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar dalma ce.

Ma'aikatan lafiya daga Amurka da na Nijeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu sun yi ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau kusan ɗaya cikin huɗu. Gaba ɗaya yaran da suka rasu sun fi 400. A wasu wuraren da ake niƙan dutse, an tarar kashi goma cikin ɗari na ƙasar wurin dalma ce. Sai da aka bi gidaje aka kankare ƙasar sama, aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. An yi wa Bagega wannan aiki a 2013.

A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, dabbobi kuma suka mutu.

Mun kawo wannan labari ne don dalili biyu. Na fari, mu ma a Jihar Kebbi ana haƙar zinariya, kamar a ƙasar Yawuri, kuma samarinmu suna tafiya can ci rani su komo gida da tufafi da kayan aiki. Garkunan shanu ma suna kai da kawowa tsakaninmu da Zamfara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na biyu, ku tuna agwagi ne suka fara mutuwa. Dabba takan yi wa mai ita gargaɗi. Wanda ya gane ciwon dabbarsa da wuri, yana iya ceton 'ya'yansa.

Yadda dalma ke shiga jikin dabba

Cikin dabbobin gida duka, shanu ne dalma ta fi kamawa, maruƙa kuwa sun fi manya. Dalili shi ne saniya ba ta zaɓen abin da take ci. Da harshe take naɗe ciyawa, ta haɗiye da abin da ke ciki. Ga ta kuma da son lasa. Dalma tana da ɗan ɗanɗano da ke jawo ta, in ta lasa sau ɗaya sai ta koma.

Ga hanyoyin da aka fi samu a wurarenmu:

1. Mataccen batir da aka yar a juji ko a bayan gida. In rana ta dafa shi ko wutar juji ta ƙone shi, sai ya fashe, faifan dalma su fito fili. Batir guda ya isa ya kashe shanu da yawa.

2. Wurin da masu gyaran batir ke zubar da ruwansa da garinsa, da wurin da masunta ke narka dalmar birgi. Tokar wurin da ƙasar wurin duk guba ce.

3. Baƙin mai da girisin da ake zubarwa a garejin makanikai da wurin injin ban ruwa.

4. Gwangwanin fenti da aka mai da shi abin ba dabba ruwa, ko tsohuwar ƙofa mai fenti da maraƙi ke gwaguya.

5. Ƙurar dutsen zinariya, da ciyawar da ta fito kusa da wurin niƙa, da kududdufin da ake wanke dutsen a ciki.

6. Guntayen dalma da harsashi da ke cikin taɓo. Agwagwa tana tsintar su tamkar tsakuwa. In sun shiga ƙundunta sai ya riƙa niƙa su, gubar tana shiga jini.

A da ana zuba dalma cikin man fetur, hayaƙin mota yana watsa ta a ciyawar bakin hanya. An bar wannan yanzu. Ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina, a 2021. Wannan hanya an toshe ta, sauran kuwa suna hannunmu.

Ku lura, da rani abin ya fi yawa. Lokacin nan ciyawa ta ƙare, dabba tana yawo a juji da yunwa, jikinta yana neman gishiri, sai ta lashi duk abin da ta samu. Dabbar da ke jin yunwa kuma, ko wadda jikinta ya rasa abin gina ƙashi da na ƙara jini, hanjinta ya fi saurin tsotse dalma. Gama jiki yana ɗaukar dalma a maimakon waɗancan abubuwa masu amfani, don sun yi kama da juna. Haka abin yake ga mutane. Yaro ƙarami yakan tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da babba.

In ta shiga jini sai ta zarce hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Sauran kuma ta kwanta cikin ƙashi ta daɗe. Tana shiga nono, tana kuma ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki. Guntun dalmar da saniya ta haɗiye yakan nitse cikin wani aljihu na tumbinta saboda nauyinsa, ya zauna can yana narkewa a hankali wata da watanni.

Yadda za a gane ciwon

In maraƙi ya ci dalma da yawa lokaci ɗaya, wani lokaci sai dai a wayi gari a tarar da shi matacce. In an tarar da shi da rai, ga abin da akan gani: yana kuka da ƙarfi ba dalili, yana cizon haƙora, miyau yana dalala, naman fuska da kunne da fatar ido suna rawa. Yakan makance ko da yake idon garau yake, ya riƙa karo da danga, ko ya riƙa kewaya wuri ɗaya, ko ya kafa kai jikin bango ya tsaya. Daga nan sai faɗuwa da shure-shure kamar mai farfaɗiya. Irin wannan yakan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

In kuwa kaɗan-kaɗan dabba ke ci, sai ta daina kiwo, ta daina tuƙa, ta yi sanyi. Kashi yakan ɗaure mata, bayan nan zawo ya biyo. Tana ramewa, nono yana raguwa. Tumaki da awaki masu ciki sukan yi ɓari. Agwagwa da kaza sukan saki fiffike, su kasa tafiya, kashinsu ya koma kore.

Waɗansu in sun ga haka sai su ce iska ce ta taɓa dabbar, ko an yi mata sammu. Kafin ka zargi maƙwabcinka, je ka duba inda dabbar ta yi kiwo cikin kwana ukun da suka wuce. Sau da yawa za ka tarar da fasasshen batir ko gwangwanin fenti da alamar harshe a jiki.

Gargaɗi ɗaya muhimmi: alamun nan sun yi kama da na haukan kare in ya kama saniya. Saboda haka kada kowa ya sa hannu a bakin dabbar da ke dalalar miyau. A killace ta, a kira malamin dabbobi. Auna jini yana tabbatar da gubar dalma.

Mene ne yis?

Matanmu sun san yis. Shi ake zuba wa ƙullun waina da fanke da funkaso don ya tashi. Masu gidan burodi kuma ba su da aiki sai da shi. Mutum ya gan shi kamar gari, amma abu ne mai rai. Kowane ƙwayar garin nan tarin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Danginsu ɗaya da hunhuna da naman kaza. In sun sami ruwa mai ɗumi da sukari sai su farka su ci, su riƙa fitar da iska. Iskar nan ce ke kumbura ƙullu. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur shi ya tabbatar wa duniya, wajen shekarar 1857, cewa wannan aiki na masu rai ne.

Masu kiwon zamani sun daɗe suna sa yis kaɗan cikin abincin shanu da kaji. Yana da abin gina jiki da yawa, yana da bitamin na dangin B, mai ransa kuma yana taimakon ƙwayoyin da ke cikin tumbi wajen narka ciyawa. To, ina ya haɗu da dalma? Ta hanya uku.

Hanya ta fari: bawonsa yana kama dalma. Kowace ƙwayar yis tana da bawo a bayanta. Bawon nan yana jawo dalmar da ta narke cikin ruwa ta manne masa, kamar yadda ƙarangiya ke manne wa riga. Ko yis ya mutu bawon yana wannan aiki. A 2022 masu bincike na wata babbar makaranta a Amurka da ake kira MIT suka gwada. Suka zuba busasshen yis marar rai cikin ruwa mai dalma kaɗan. Suka tarar giram ɗaya na yis yana iya kama dalma har miligiram 12, kuma cikin kamar minti biyar aikin ya kammala. Suka yi lissafi suka ce birnin Boston, in za a tace ruwan shansa da wannan dabara, zai bukaci yis kamar tan 20 kowace rana. A 2024 suka ƙara gaba, suka ɗura yis ɗin cikin wasu ƙananan ƙwalaye masu kama da danƙo, waɗanda ruwa ke ratsawa amma yis ba ya fita, don a iya tsame shi bayan ya gama aiki.

Hanya ta biyu: bitamin B1. Yis yana cikin abubuwan da ke ɗauke da wannan bitamin. A 1981 likitocin dabbobi a Amurka suka gwada shi a kan maruƙa. Suka ba su dalma kowace rana, waɗansu kuma suka haɗa musu da allurar bitamin B1. Waɗanda aka yi wa allurar ba su nuna ciwon kamar sauran ba, dalmar da ta taru a hantarsu da ƙodarsu da ƙwaƙwalwarsu kuma ba ta kai ta sauran ba. Har yau likitocin dabbobi suna haɗa wannan allura cikin maganin gubar dalma.

Hanya ta uku: ƙoshi. Mun riga mun ce dabba mai yunwa ta fi lashe-lashe, hanjinta kuma ya fi tsotse guba. Duk abin da ya gyara cin dabba ya ƙara mata ƙarfi, ya rage wannan haɗari. Yis yana cikin irin waɗannan abubuwa.

Iyakar ƙarfin yis

Kada wani ya tashi daga ajin nan ya ce malamai sun ce yis maganin dalma ne. Ba mu ce ba. Ku saurari dalili.

Da fari mu yi lissafi tare. Miligiram 1,000 su ne giram ɗaya, giram 1,000 kuma su ne kilo ɗaya. In giram ɗaya na yis yana kama miligiram 12, to, kilo ɗaya zai kama giram 12 ke nan. Batirin mota guda dalmar da ke cikinsa takan kai kilo 6 ko fiye, watau giram 6,000. Raba 6,000 gida 12, ka sami 500. Ashe sai an sami yis kilo 500, buhu goma masu kilo 50, kafin a kama dalmar batir ɗaya. Wanda ya ɗauke batirin daga juji ya yi aikin buhu goma a minti ɗaya, bai kashe ko kwabo ba.

Na biyu, yis yana kama dalmar da ta narke cikin ruwa ne. Guntun da ya nitse cikin tumbi ba abin da zai yi masa. Wadda ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa da ƙashi kuma bawon yis ba ya kai wa can.

Na uku, gwajin 2022 cikin ruwa aka yi shi, a ɗakin bincike. Cikin dabba dabam ne. Akwai ruwa mai tsami ƙwarai a ciki, tsami kuwa yana rage wa bawon yis ƙarfin riƙo, har ya saki wani abu daga cikin abin da ya kama. Gwajin maruƙan 1981 kuma da allura aka yi shi, bitamin ɗin da ke cikin allura ya fi wanda dabba za ta samu daga cin yis nesa ba kusa ba.

Na huɗu, in ka zuba yis cikin ruwa mai dalma ka ba dabba haka nan, ta sha yis da dalmar tare. Sai an tace yis ɗin an fitar kafin ruwan ya gyaru, ƙwayoyinsa kuwa sun fi ƙarfin rariya da tsumma. Saboda haka kada kowa ya zuba yis a rijiya ko kududdufi ya ce ya gyara ruwa. Ruwan da ake zargi, a bar shi.

Na biyar, yis da yawa yana da nasa haɗari. In aka haɗa shi da gari ko sukari ko ɗanyen ƙullu aka ba dabba ta ci da yawa, zai tashi cikin cikinta kamar yadda yake tashi a kwarya, ta kumbura, har ta mutu. Wanda ke son sa wa dabbobinsa yis, ya fara tambayar malamin dabbobi irin da ya dace da gwargwadon da za a ba kowace dabba. A gauraya shi da dusa, a ba da nan take, kada a jiƙa a ajiye ya kwana.

Ashe yis mataimaki ne cikin abinci. Tsare dabba daga dalma shi ne babban aiki, magani kuma yana hannun likita.

In dabba ta kamu

Abu na fari, a janye dukan garken daga wurin da ake zargi, gama abin da ɗaya ta lasa sauran ma sun lasa, ko ba su nuna ba. A kai marar lafiya inuwa, wuri shiru, inda ba za ta faɗa rami ko wuta ba. A ajiye mata ruwa mai kyau kusa. Dabbar da ke jijjiga kada a yi mata ɗure, don kada ruwan ya bi ta huhu.

A aika wa malamin dabbobi nan da nan, ko a je asibitin dabbobi na Birnin Kebbi ko na Argungu. A tafi da abin da aka ga ta lasa, a naɗe cikin leda. Likita yana da allurar da ake kira EDTA, wadda ke kamo dalma daga jiki ta fitar da ita ta fitsari. Yana da allurar bitamin B1. Yana da wani gishirin magani da ke ɗaure dalmar da ke cikin hanji ya fitar da ita ta kashi. In guntaye ne a tumbi, wani lokaci sai an yi aiki an ciro su. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai kuma babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta Jihar Filato.

Mun san al'adarmu: in dabba za ta mutu sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada a yi asara. A wannan ciwo kada a ci naman, kada a kai wa mahauta. Hanta da ƙoda da ƙashi da kayan ciki su suka fi tara gubar, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. Nonon saniyar ma a zubar, kada a ba yara, kada a kai kasuwa, sai likita ya auna ya ce ta warke. Wanda ya sayar da irin wannan nama ya tsira da kuɗinsa, amma ya zuba wa 'ya'yan wani guba. Mushen a binne shi da zurfi, nesa da rijiya da gulbi, yadda kare da ungulu ba za su kai gare shi ba.

Sa'an nan a tuna da agwagin Zamfara. In dalma ta kama dabbar gida, a kai yaran gidan asibiti, a gaya wa likita abin da ya faru. Yaro yana wasa a ƙasa yana sa hannu a baki. Dalma ko ba ta kashe shi ba tana dakushe masa ƙwaƙwalwa, ya tashi ba ya gane karatu, wannan ɓarna kuwa ba ta gyaruwa. A sanar da mai unguwa da dagaci, in a ruga ne a sanar da ardo, don a gargaɗi sauran jama'a.

Abin da kowa zai yi tun yau

Rigakafi ya fi magani. Ga aikin da ba ya bukatar kuɗi:

Kada a yar da mataccen batir. A ajiye shi a ɗaki mai kulle har a mayar wa masu saye. Kada a fasa shi a gida, kada a ƙone shi.

Masunta su narka dalma nesa da gida da turke, a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba. Kada a narka ta a tukunyar abinci. A tattara guntayen, a wanke hannu da sabulu kafin a ci tuwo.

Masu gyaran batir da makanikai su kewaye wurin aikinsu, su tara baƙin mai a duro.

Kada a ba dabba ruwa ko dusa a gwangwanin fenti ko kwankon batir. Kwatarniya da komi sun isa.

Masu zuwa haƙar zinariya kada su kawo dutsen gida, kada a daka shi a turmin hatsi, kada a kai shi injin niƙan gari. Su yi wanka su sāke tufafi tun a can. Makiyaya kuma su kauce wa wurin niƙa da ruwan wankin dutse.

A tanadi harawa da kowa da dusa tun da kaka, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A ajiye wa dabbobi gishirin lasa da kanwa a turke, don kada su nemi abin lasa a juji. In malamin dabbobi ya yarda, a ƙara musu yis kaɗan a dusa.

Kowane ɗalibin ajin nan ya zagaya gidansa da bayan gidansa da jujin unguwarsu cikin makon nan. Abin da ya gani ya rubuta a takarda da hannunsa, ya kawo aji mu karanta tare. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi, ya karanta wa matan gida, gama su ne ke tare da yara da awaki da kaji wuni duka.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu a garinku da dalma ke cikinsu.

2. Waɗanne dabbobi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan Zamfara a 2010?

3. Don me shanu suka fi kamuwa da gubar dalma da rani?

4. Faɗi alamu uku da akan gani ga maraƙin da ya ci dalma.

5. In kilo ɗaya na yis yana kama dalma giram 12, kilo nawa ake bukata don kama giram 60?

6. Don me ba a zuba yis a rijiya don gyara ruwa?

7. Me za a yi da nama da nonon dabbar da dalma ta kama?